Malam Mode da Bututun Hayaƙin Ƙofar Marke

Duk wanda ya saba bi ta layin kafintoci na Unguwar Rogo da sassafe ya san rumfar Malam Mode ce ke fara buɗewa. Daga masallaci ba ya komawa gida. Yakan zarce da carbinsa a hannu, ya jingine keke a gindin dogon yaro, ya ɗaga ƙyauren kwano, ya ɗauki tsintsiya. Garin katakon jiya ya kwanta a kan komai: benci, rediyo, har cikin kofin da yake shan shayi. Yana shara yana tari. Shekara da shekaru ana jin tarin nan daga bakin titi, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, har shi mai yin sa.

In ya gama sai ya tsallaka wurin mai shayi, ya sha baƙi ba madara, ya dawo ya zauna yana wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya. Ba mai yawan magana ba ne. Kafin rana ta yi zafi ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan keke, ya saƙala fensir a kunne, ya nufi gidan da yake da aiki. Ba ya dawowa sai bayan la'asar, gemu da gira sun yi fari fat, har ba a bambance furfura da ƙurar katako.

Haka yake yi har bazarar da ta wuce. Yanzu rumfar tana rufe. Malam Mode yana raye, yana gidansa, amma ya ajiye zarto, kuma ba da son ransa ba. Irinsa ba a yi musu walimar ritaya, ba su da fansho. Ran da suka daina fitowa sai a nemi wani. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani da idona, da abin da waɗanda suka san shi suka gaya mini, tun yana iya ji.

Sai na ɗan yi bayanin aikin, don ba kowa ya san shi ba. Matan Sakkwato da yawa sun bar girkin itace a tsakar gida sun koma cikin ɗaki, kan gas. Ana jera wa kicin kabad na katako sama da ƙasa, a kafa wani inji a saman murhu mai zuƙe hayaƙi da tururin mai. Abin da inji ya zuƙa kuwa dole ya sami inda zai tafi, don haka ake jona masa bututun kwano mai kauri, ya ɗauki hayaƙin ya kai waje. Bututun nan ba shi da kyan gani. Ba matar da za ta gyara kicin ta yarda baƙi su shigo su ga ƙarfe ya ratsa ta saman kanta. Aikin kafinta ne ya ɓoye shi: ya yi masa dogon akwati a saman kabad, katako iri ɗaya, launi ɗaya, yadda mai kallo zai zaci duk kabad ne.

A nan ake cutar mutane. Tunda rufewa za a yi, wasu masu aiki ba sa wahalar da kansu. Su ɗaga bututun ya shiga cikin silin, su bar shi nan baki buɗe, su buga katako a kai. Inji na ƙara, uwargida na murna, maiƙo kuwa yana taruwa a sama, a kan katakon rufi da wayoyin wuta.

Malam Mode ya san ƙarshen wannan, don a gidansa abin ya sauka. Shi bai taɓa ba ni labarin ba. Amininsa Tukur, maƙerin kwano da ke lanƙwasa masa bututu, shi ya gaya mini.

Matarsa Iyatu tana aikin girki a wani babban gida. Kicin ne na zamani, ita kanta takan dawo tana ba da labarin kyansa. Wata rana da hantsi tana suyar kaji, mai ya kama wuta a kasko. Irin wutar da ake kashewa da murfin tukunya ce. Amma injin yana kunne, ya zuƙi harshen wutar ya aika sama, cikin silin da ya sha maiƙon shekaru. Kafin ta juya rufin ya kama. Ta fita da gudu, sannan ta tuna tukunyar gas, ga yara a cikin gidan. Ta koma ta rufe ta. Tana juyowa silin ya rufto mata.

Ta yi jinya a asibiti, ba ta tashi ba. Ta bar masa 'ya ɗaya, Sadiyatu, tana firamare a lokacin.

Tukur ya ce bayan an share makoki Mode ya ce ya raka shi gidan. Masu gidan mutanen kirki ne, sun yi ɗawainiya, suka bar su suka shiga. Mode ya taka tsani ya leƙa abin da ya rage na rufin. Ya daɗe a sama. Da ya sauko ya ce, "Tukur, bututun bai hita ba. Nan anka bar shi."

"Ni kau nic ce mu nemo kahintan da yay yi aikin," in ji Tukur. "Yac ce min, in mun same shi mi za mu ce mishi? Shi ma hakanan yag ga ana yi."

Daga lokacin ya bar gadaje da kujeru ya koma aikin kicin, ya kuma ɗauki wasu ɗabi'u da suka sa ake ce masa mai taurin kai. Ba ya rufe bututun da bai ga ƙarshensa ba, ko wa ya ja shi. A kowane akwati yakan bar 'yar ƙofa don a riƙa buɗewa ana goge maiƙo. Kuma kafin ya buga katakon ƙarshe, sai ya ce uwargida ta kawo garwashi da turaren wuta. A ajiye kasko a ƙarƙashin inji a kunna, shi kuma ya hau rufi ya tsaya a bakin bututu. Sai ya ga hayaƙi ya fito, ya ji ƙamshin da hancinsa, sannan ya sauko ya rufe.

Malama Wasila, wata malamar makaranta a Ƙofar Kware, ta gaya mini ƙofar kabad ce kawai ta kira shi ya gyara mata. Ya gyara, ya tsaya yana kallon sama, ya nemi izinin ɓalle katako ɗaya. Abin da suka tarar a cikin silin, in ji ta, baƙi ne ƙirin yana naso kamar kwalta, wayar wuta ta ratsa ta tsakiyarsa. Ɗakin 'ya'yanta yana jikin bangon.

Malam Mode, kai ne ka ɗauki abin da ya cinye maka gida ka mai da shi aikin yi. Da wani ne, da ya tsani kicin har abada. Kai kuwa kullum sai ka shiga na wasu, ka tsaya a gaban murhu, ka ɗaga kai.

Ni na san shi ne a gidan yayata Bara'atu, a Ƙofar Marke. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da girkin biki take riƙe gidan. Tsohon kicin ɗinta ƙarami ne, bango ya yi baƙi, idanunta kullum ja. Ta daɗe tana tattali kafin ta sami halin gyara shi. Aka ba ta sunan Malam Mode, ni na je na zo da shi. Lokacin bazara ta kankama, kuma ta riga ta karɓi girkin wani babban biki, da niyyar a sabon kicin za ta yi shi. Shi ne aiki mafi girma da ta taɓa samu, irin wanda in ya yi kyau wasu ke biyo baya.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya kafa kabad na ƙasa, ya jera na sama. Sai aka zo kan bututu. Murhun yana jikin bangon waje, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a huda bangon a bayan injin, gajeren bututu ya leƙa lungu, a rufe shi da ɗan ƙaramin akwati. Haka duk muka zata za a yi.

Ya fita ya zagaya lungun, ina biye da shi. Wanda ya san cikin gari ya san irin lungunan nan, mutum biyu ba sa jerawa. Ya tsaya daidai inda ramin zai fito, ya juya. Ga wata 'yar taga a bangon maƙwabta, an tokare ta da kara, tsakaninta da mu bai wuce miƙa hannu ba. Daga ciki ana jin numfashin mutum, mai nauyi, yana fita da ƙyar.

"Ɗakin wa na wanga?" ya tambaye ni.

Na ce na Inna Rahma ne, tsohuwar maƙwabciya. Ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, 'yarta ce ke jinyarta. Tagar nan ita kaɗai ke ba ɗakin iska.

Muka koma ciki. Ya ce wa Yaya, "Hajiya, ba mu huda nan. Sama za mu yi da shi."

Ya zana mata da fensir a bango. Bututun zai tashi daga inji, ya kwanta a saman kabad, ya bi bango har ƙarshe, ya karya kwana, sannan ya huda rufi ta gefen tsakar gida ya wuce tsayin katanga. Wato sai an sauke kabad ɗin saman da aka riga aka kafa, a rage musu tsawo don bututu ya sami wuri. Sai Tukur ya ƙera wuraren lanƙwasa. Sai an yi akwati mai bin bango biyu. Kuma ba yadda za a yi a gama kafin bikin.

Yayata ba muguwa ba ce. Ita ke aika wa Inna Rahma kunu kowace safiya. Amma ranar ta gaji, kuma tsoro ya kama ta.

"Malam, ka san abin da kaka hwaɗi kuwa? Na amshi aikin mutane. In na ɓata shi, wa za ya sake ba ni? Kowa cikin garin ga lungu shika hidda hayaƙi. Ni kaɗai za a hana?"

"Ba kowa ad da tsohuwa kwance bakin lungu ba," in ji shi. "Kuma naki ba girkin gida na ba, Hajiya. Tattasai da mai, tun sahe har marece."

"To a huda yanzu, bayan biki a gyara."

"In anka ruhe, ba mai sake buɗewa. Na sha gani."

Ta ce in ba zai yi ba, akwai masu yi. Ya ce gaskiya ne, akwai. Ya fara tattara kayansa a hankali, yana tari. Da ya rufe akwatin sai ya ce, "Abu guda nika roƙo. Kamin ki kira wani, mu shiga mu gaida Inna."

Muka shiga mu uku. Ɗakin kamar tanda, ba wuta, fanka a tsaye. Inna Rahma tana kwance a katifa a ƙasa, an juya fuskarta wajen tagar, bakinta a buɗe, 'yarta na yi mata fifita. Ta gane Yaya, ta yi ƙoƙarin ɗaga hannun da ke motsi.

"Bara'atu, ɗiyata," ta ce, harshen na sarƙewa. "An ce kina gyara. Allah shi sa albarka."

Yaya ta durƙusa ta riƙe hannun. Daga inda take, in ta ɗaga ido, bangon kicin ɗinta take gani ta tagar, daidai wurin da ta ce a huda. Malam Mode ya gaida tsohuwar daga bakin ƙofa ya fita.

Da muka dawo Yaya ta shige ɗaki ta rufe. Da ta fito idanunta sun kumbura. Ba ta dube shi ba, ta ce, "A sauke kabad ɗin."

Girkin bikin a tsakar gida ta yi shi, da itace, cikin zafin rana. Bai yi yadda take so ba. Shinkafar ta kama, abincin ya isa a makare, uwar amarya ta faɗa mata maganganu a gaban mutane. Ayyukan da take sa ran za su biyo baya ba su zo ba. Na faɗi wannan ne don kada a zaci tsayuwar Malam Mode ba ta jawo wa kowa asara ba. Ta jawo wa yayata, kuma ta daɗe ba ta ce masa komai sai gaisuwa.

Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Ya sauke kabad ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya rage su, ya mayar. Shi da Tukur suka ɗaga bututun, suka ɗaure shi a bango da ƙarfe don kada ya kwanta a kan katako, suka liƙe kowace mahaɗa. Sannan ya fara akwatin. Katakon zamani ne, wanda ake matse garin itace da gam, in ana yanka shi ƙura ke tashi mai laushi kamar fulawa. A cikin ɗaki yake yankan, ba komai a hancinsa. Na ce, Malam, ba ka ɗaura ko ƙyalle? Ya ce yana toshe masa numfashi. Yakan yanka katako ɗaya ya dafa bango ya huta. Wata rana na ga ya yi tari a hankici, ya duba, ya yi saurin cusa shi a aljihu. Tukur ya ce masa ya je asibiti. Shi kuwa ya ce sai an gama aikin.

Akwatin ya yi kyau, wannan ko Yaya ba ta musa ba. Ya bi layin kabad ɗin har kwana, ya haɗe da silin, ba ka ganin kan ƙusa ko guda. 'Yar ƙofar gogewa tana kusurwa, sai an nuna maka za ka gan ta. Da ya rage saura katako ɗaya a buga, sai ya ce a kawo turare.

Bayan azahar ne, rana na dukan kwano. Tukur ya ce, "Bari in hau, Mode. Ni ma ina da ido." Malam Mode ya ce a'a. Ya taka tsanin a hankali yana hutawa. Yaya ta zuba turare a garwashi, ta kunna injin da wutar sola, hayaƙin ya miƙe ya shige. Muka fito tsakar gida muna kallon sama. Can sai ga shi yana fita ta bakin bututun, siriri, iska ta ɗauke shi sama da katangu. Malam Mode ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago mana hannu.

Sai tari ya sarƙe shi. Ya durƙusa a kan kwanon, ya kife. Ba don Tukur ya riga ya bi shi a tsani ba, da ya gangaro. Da taimakon maƙwabta aka sauko da shi, tafin hannunsa da gefen fuskarsa sun ƙone, gaban rigarsa duk jini. Yaya ce ta jiƙa gefen mayafinta tana shafa masa, tana kiran sunansa, tana cewa ya yafe mata. A keke-napep muka kai shi asibiti.

Likita ya ce huhun ya lalace, ƙurar shekaru ce ta cika shi, kuma ba ya komawa yadda yake. Magani sai dai na samun sauƙi. Tukur ne ya koma ya buga katakon ƙarshe.

Inna Rahma ta rasu da farkon damina. Ba ta taɓa sanin an yi gardama a kanta ba. Ranar da aka kai ta, Yaya ta zauna a sabon kicin ta ce mini, "Ka gani? Don 'yan watanni." Ban san ko ƙorafi take yi ba ko kuka. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Kwanan baya na je gaishe shi. Sadiyatu ce ta yi mini iso. Ta yi aure, amma kullum a nan take wuni tana kula da shi. Na tarar da shi a zaure a kan tabarma, an jera masa matasai a baya, don ba ya iya kwanciya a miƙe. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. In ya faɗi kalma biyu uku sai ya tsaya ya nemi iska.

Ya tambayi Hajiya da yara. Na ce suna gaishe shi, ita ce ma ta aiko da farfesun da ke hannuna. Sannan ya ce, "Tsohuwa hwa?"

Ashe ba wanda ya gaya masa. Na ce Allah ya yi mata rasuwa.

Ya yi salati, ya yi mata addu'a a hankali. Na ɗauka zai ce wahalar ta tafi a banza, don ni kaina tunanin ya zo mini a hanya. Sai ya ce, "Tagag ga... buɗe take... har tac cika?"

Na ce a buɗe take. 'Yarta ta ce ba a taɓa rufe ta ba.

"To," in ji shi. "Madalla."

Na ce masa ina so in rubuta labarinsa mutane su karanta. Ya yi 'yar dariya da ta koma tari, Sadiyatu ta miƙo ruwa. Da ya lafa ya ce in dai zan rubuta, in gaya wa matasan kafintoci su riƙa rufe hancinsu. "Ni ban ruhe ba," ya ce. "Ga ni." To, ga shi na isar da saƙon.

Malam Mode, uban Sadiyatu, kai ne ka zagaya bayan bango don ka ga wa ke kwance a can, alhali ba wanda ya ɗauke ka wannan aikin. Akwai yara a garin nan da ke barci a jikin bangon kicin lafiya lau, iyayensu ba su ma tuna sunanka ba. Ba za su zo godiya ba, don ba abin da ya same su, ba su san an tsare su ba. A madadinsu nake cewa mun gode. Allah ya ba ka sauƙi, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

Ku kuma masu sana'a, abin da za ku rufe da katako, ku bi shi har ƙarshensa kafin ku buga ƙusa. Masu gida, in mai aiki ya ce a dakata, ku tambaye shi dalili kafin ku nemi wani. Duk mai irin wannan inji a gidansa ya sa a buɗe a duba inda bututun ya nufa, kada ya jira.

Wanda kuma Malam Mode ya taɓa yi wa aiki, gidansa ba ɓoyayye ba ne, kowa a Unguwar Rogo zai nuna. Ku je yanzu. Kada ku ja shi da hira. Ku yi sallama, ku zauna kusa, ku ce an gode. Amsawar kaɗai tana cin numfashinsa, amma zai amsa.